Ramin Baban Andrew

Mijina Filibus ba mutum ne mai yawan roƙo ba. Duk zaman da muka yi, abu ɗaya ya taɓa roƙona mai nauyi, shi ma sai da ciwo ya kai shi gadon asibiti. Ranar ina gyara masa matashi ya riƙe hannuna ya ce, "Cecilia, in na tafi, a gida za ki sa ni. Bayan ɗakina, gindin lemon nan. Kada ki yarda a kai ni wani wuri."

Na ce ya bar wannan magana, ai sauƙi yake samu. Ya ce shi dai in amsa masa. Na amsa.

Mu mutanen ƙasar Rijau ne, kuma a wajenmu maigida a gidansa yake kwanciya. Ba don ba mu san hanyar makabarta ba. Dalilin kowa ya san shi: gidan da uba ke kwance a ciki ba ya shiga kasuwa. 'Ya'ya su yi faɗa, su watse, wannan ya nufi Legas wancan ya nufi Kaduna, gida yana nan yana jiransu. Babu ɗan halak da zai sayar da ƙashin ubansa, kuma babu mai saye da zai so ya buɗe taga da safe ya yi ido huɗu da kabarin wani.

Gidan nan kuwa ba gado muka ci ba. Lokacin da muka sayi filin a bayan Kontagora, daji ne sosai, birai ne ke raba masara da mu. Filibus magini ne. Shi ya buga bulo, ni na ɗebo ruwa a kai, da goyon ɗanmu Andrew a baya. Mutane suka yi ta mana dariya wai mun je zama da kuraye. Sannu a hankali gari ya biyo mu, ya cim mana, ya wuce mu. Aka yanka filotai, aka ja waya, aka zo aka rubuta mana lamba a ƙofa kamar da can ba mu san gidanmu ba.

Maƙwabcinmu na farko shi ne Malam Abdulfatahi, malamin firamare, da matarsa Turai. Filibus ne ya ɗora masa katanga. In Sallah ta zo nama ya tsallako mana, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallaka musu. Ni da Turai mun yi faɗa a kan kaji ya fi a ƙirga, don bakinta bai fi nawa sanyi ba, amma ba mu taɓa kwana da gaba ba.

Filibus ya cika a tsakiyar damina. Aka ajiye shi a ɗakin ajiye gawa na asibiti, muka aika wa dangi. Andrew ya taso daga Minna inda yake aiki, kuma in faɗi gaskiya, ya ɗauke mini komai. Akwatin gawa, rumfuna, kujeru, abincin baƙi, ban sa hannu a ko ɗaya ba. Matan zumunta na coci suna ta cewa, "Maman Andrew, kin haifa." Ni kuma ina jin daɗi, har kuka yakan tsaya mini in na gan shi yana kai da komo da waya a kunne.

Yayan Filibus, Baba Moses, ya iso daga ƙauye a kan babur, laka har gwiwa. Shi ne babba, shi ke da saran kabari na fari. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tsaya a gindin lemo, ya yi addu'a da yarenmu, ya ɗaga fartanya ya sari ƙasa. Sannan samarin coci suka karɓa da diga da shebur.

Suna cikin haƙa Malam Abdulfatahi ya shigo gaisuwa. Ya zauna, ya yi mini ta'aziyya, ya faɗi alherin Filibus har ya yi ƙwalla. Da zai fita sai ya leƙa baya, ya ga ramin, ya ɗan tsaya.

"Maman Andrew, nan za a sa shi?"

"Nan ya ce, Malam."

Ya dubi katanga. "Rijiyata ce a bayan nan, kin sani. Da za a ɗan matsa da shi wajen ƙofa..."

"Mai wurin ne ya zaɓi wurinsa. Ni ba ni da bakin canjawa."

Ya ce, "To, Allah ya ba ku haƙuri." Ya fita.

Washegari da hantsi, ana saura kaɗan a gama ramin, sai ga wata farar mota a ƙofar gida. Mutum biyu suka fito, namiji riƙe da gwangwanin jan fenti, da wata mace mai ƙananan shekaru wadda ta ce sunanta Charity, daga ofishin tsara gari. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta yi mini gaisuwar rashi, sannan ta ce a dakatar da haƙa.

Na ɗauka ban ji da kyau ba. Na ce ta maimaita.

"Mama, unguwar nan an tsara ta ta zama wurin zaman jama'a. Doka ta hana binne mutum a cikin filoti. Sai a makabarta."

"Filotin wa?"

"Naku ne, Mama, babu mai musu."

"To in nawa ne, ina ruwan wani da abin da na sa a ciki? Na shuka lemo ban tambaye ku ba. Na haƙa masai ban tambaye ku ba. Sai mijina ne zan nemi izini?"

Yarinyar nan ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ta ce, "Saman ƙasar naku ne, amma ruwan da ke gudu a ƙarƙashi bai san katanga ba. Kowane gida a layin nan rijiya yake sha. In kowa ya binne nasa a tsakar gida, me yaran unguwa za su sha?"

Na ce, "Lokacin da muke korar birai a nan, ina ofishinku yake? Da maciji ya sari Filibus a filin nan, wa ya zo da farar mota? Yau da wuri ya yi kyau kun san akwai tsari? Mutum ya yi gumi ya gina, ya mutu, a ce ba shi da taku shida a cikin abinsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni aiko ni aka yi, Mama. Kuma gaskiya, ramin da ke bayan gida ba ma ganinsa daga ofis. Ƙara aka kawo mana."

"Wa ya kawo?"

"Ba a ba ni damar faɗa ba."

Namijin ya je ya shafa jan fenti a katangar da Filibus ya gina da hannunsa. Baba Moses ya miƙe da sandarsa, samari suka fara hayaniya. Andrew ne ya shiga tsakani. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Mama, kada a yi abin kunya gaban baƙi. Doka ce. Bari in ji da su." Ya raka su har mota, na hango shi yana magana da su ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, Allah na gode da ka ba ni namiji.

Ban tsaya neman wanda ya kai ƙara ba, don a ganina na san shi. Ko ɗankwali ban gyara ba na fita na tsaya a ƙofar Malam Abdulfatahi, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Malam! Fito ka ga aikinka! Mutumin da ya ɗora maka katanga, yau rijiyarka ta fi gawarsa daraja? Ka zo ka yi mini kuka jiya, ashe daga nan ofis ka nufa? Da ka faɗa mini a fuska mana, in kai namiji ne!"

Ya fito da carbi a hannu, ya tsaya yana kallona. Turai ta biyo shi da zani a ƙirji, baki buɗe za ta rama, ya ɗaga mata hannu. Abin da ya ce kawai, "Maman Andrew, kina cikin zafi. Koma gida." Na faɗi sauran abin da ke bakina, wanda ba na maimaitawa, na juya.

Da yamma muka zauna shawara. Baba Moses ya ce tunda gari ya ƙi shi, a kai shi ƙauye ya kwanta kusa da ubansa. Andrew ya ce rafi ya cika, motar gawa ba za ta haye ba, kuma asibiti sun fara matsa masa. Fasto ya ce Littafi ya umarce mu mu yi biyayya ga hukuma, kuma Ubangiji zai tashi nasa ko daga ina. Kowa da hujjarsa mai kyau. Ni kaɗai ce ba ni da hujja sai alkawarin da na yi wa mutumin da ba zai iya tashi ya tuna musu ba.

Aka binne Filibus a makabartar coci, can bayan gari, tsakanin mutanen da bai sani ba. Aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi. Da aka miƙo mini ƙasa in zuba, hannuna ya ƙi buɗewa sai da 'yata Rose ta taimaka. Ban yi kukan rashinsa ba a wurin. Kukan kunya na yi, don na amsa masa kuma ban cika ba.

Baƙi suka fara raguwa. Baba Moses ya hau babur ɗinsa bai ko yi sallama da kowa ba. Rose ta koma gidan mijinta a Zuru. Andrew ya ce zai ɗan ƙara kwana ya daidaita al'amura. Ramin yana nan a buɗe, ruwan sama ya taru a ciki, na hana kowa taɓawa.

Turai ta aiko da tuwo da miyar kuka, na mayar da kwanon yadda ya zo. Ta sake aikowa, na sake mayarwa. A na uku ita ta ɗauko da kanta, da rana tsaka, ta shigo ba sallama ta dire kwanon a gabana har miya ta fantsama.

"Ki ci ko kada ki ci, amma yau sai kin ji ni."

"Fitar mini daga gida, Turai."

"Ba inda za ni. Malam ya ce in rufe bakina, wai ba a ƙara wa mai takaba nauyi. Shi malami ne, ni ba malama ba ce. Kin tsaya a titi kin zage shi tas, yaran da ya koyar suna ji. Kin san inda ya tafi bayan kin juya?"

Na ture kwanon gefe.

"Ofishin tsara gari ya tafi. Tsoho da shi, ya hau acaɓa cikin yayyafi. Ya je ya ce musu in don rijiyarsa ce, ya yafe, zai sa a cike ta da ƙasa mu riƙa sayen ruwan 'yan garuwa, a bar maƙwabcinsa ya kwanta a gidansa. Ni da zan sha wahalar ruwan ko shawara bai yi da ni ba."

Na ce, "To wa ya kai ƙarar?"

"Akwai wani ɗalibinsa a ofishin. Ya ja shi gefe ya ce, Malam, kada ka wahalar da kanka, ba maƙwabci ne ya kawo maganar ba. Daga cikin gidan ta fito. Ɗan mamacin ne ya zo da kansa, tun kafin a sari ƙasa, ya ce su zo ranar da rami ya yi nisa, lokacin da babu sauran damar gardama." Ta gyara mayafinta. "Ana zaton wuta a maƙera, Maman Andrew. Ga tuwonki nan."

Ta fita. Na so in ce ƙarya take yi, amma na san Turai. Tana da faɗa, tana da gori, ba ta da ƙarya.

Na daɗe a zaune. Sai na ji ƙarar shebur daga bayan ɗaki. Na tashi na zagaya. Andrew ne tsaye da wasu leburori biyu suna mayar da ƙasa cikin ramin, ga kuma wani mutum mai babbar riga da ban sani ba, yana bin katanga yana dubawa, yana ƙwanƙwasa bulo da makullin mota.

Na ce leburorin su ajiye shebur. Suka dubi Andrew. Na ce, "Ni na ce ku ajiye. Gidana ne." Suka ajiye. Mai babbar rigar ya gaishe ni sama-sama ya ce zai jira a waje.

"Andrew."

"Mama, sauro ne ke taruwa a ramin, shi ya sa..."

"Kai ka je ofishin tsara gari?"

Tun yana yaro in zai yi ƙarya sai ya taɓa kunnensa. Hannun ya tashi, ya kai rabi, ya sauke shi.

"Ni ne."

Na yi zaton in na ji daga bakinsa zan yi ihu. Ban yi ba. Lemon kawai na dafa.

"Mama, ki saurare ni. Dokar nan ba ni na yi ta ba, kuma gaskiya ce. Nan ba ƙauye ba ne yanzu. Ko ban je ba, wata rana wani zai je, a zo a ce a tone shi. Wanne ya fi muni?"

"Da ka zo ka faɗa mini haka, ni da kai, a ɗaki."

"Da kin yarda?"

"Da ban yarda ba. Amma da na san da wa nake faɗa. Ka bar ni na je na zagi bawan Allah a titi. Kana tsaye a ƙofa kana ji."

Ya kawar da kai. "Wannan ban so ba."

"Ka riƙe kafaɗata ka ce doka ce. Ka raka su mota, ni ina gode wa Allah da ya ba ni kai." Na nuna ƙofar da mai babbar rigar ya bi. "Wancan fa? Shi ma ruwan unguwa ya zo dubawa?"

Nan ya daina sunkuyar da kai, ya yi magana kamar wanda ya daɗe yana shirya ta. "Shaguna yake so ya gina. Mama, wurin nan ya zama bakin hanya, ba wurin tsohuwa ita kaɗai ba ne. Ni ina Minna, Rose tana Zuru. Wa zai zauna a nan? Baba ya san in ya kwanta a filin nan ba mai iya taɓa shi har abada. Ɗaure mu ya so ya yi. Ni ina da yara, ina da hidima. Ba zan bar gida ya ruɓe a kan kabari don al'ada ba."

"Ɗaure ku ya so ya yi, ko ya bar muku inda za ku dawo?"

"Ba mai dawowa, Mama. Gaskiyar ke nan."

Wataƙila gaskiyar ke nan. Wataƙila yarinyar ofis ma ta yi gaskiya a kan ruwa, ban sani ba, ni ba karatu na yi ba. Da gwamnati ce ta gano ramin da kanta ta hana, da na zage ta na haƙura, ai mun saba. Gwamnati ba ta taɓa shan nonona ba. Amma hukumar da ke can cikin ofis ba ta san akwai lemo a bayan ɗakin Filibus ba, sai da wanda na goya a filin nan ya je ya kama hannunta ya nuna mata. Abin da ya ci ni ke nan, kuma har yau yana cina.

Na ce, "To na ji. Ubanka ka kai shi inda kake so. Gida ka samo masa mai saye. Ni fa? Ni da ban mutu ba, ina ka shirya za ka ajiye ni?"

Na yi tambayar ne don ya ji kunya. Sai na ga fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi, kamar na zo daidai inda yake jira.

"Ai wannan kada ki damu, Mama. Ɗaki na gina miki a gidana, da banɗakinki a ciki, ba ruwanki da fita waje. Ga fanka, ga katifa sabuwa. Har fenti an yi, shuɗi, irin wanda kike so."

"Yaushe ka yi duk wannan?"

"Ai an daɗe da gamawa. Tun kafin bikin Ista."

Na dube shi, yana jiran in yi masa godiya.

Kafin Ista ko ciwon kai Filibus ba ya yi. A makon Ista ɗin ma yana kan tsani, yana canja kwanon rufin ɗakinmu da ke yoyo, yana ce mini wannan zai kai mu shekara ashirin.